Zaɓen Jirgi a Bahar Maliya Ga Mai Tafiya da Iyali

Ya 'yan'uwa malamai da fatake na ƙasar Gumel, ku sani mu mutanen tudu ne. Tun daga Sule Tankarkar har Maigatari babu kogin da zai ɗauki jirgi, sai tafkunan damina da rijiyoyi masu zurfi. Amma duk da haka kakanninmu da yawa sun shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska, su da matansu da 'ya'yansu, domin hanyar Makka ta ƙasa ba ta ƙarewa sai a bakin Bahar Maliya.

Da jakuna aka fara bin hanyar nan. Da dogo ya kai Nguru a 1930, sai waɗansu suka riƙa hawa jirgin ƙasa a Gagarawa ko Malam Madori. Daga nan sai Barno, sai Fallomi wadda ake ce wa Njamena yanzu, sai Abashe da Jinaina da Fashir, har Hartum. Mutum yakan yi shekaru a hanya, yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, har wanda ya fita da mata ɗaya ya iso Sawakin da 'ya'ya uku ko huɗu. To, a nan ne shawara take yin nauyi, gama tsakaninsa da Jidda ruwan gishiri ne na kimanin kilomita 300.

Jirage iri uku ne a gabansa. Akwai babban jirgi mai inji, amma shi sai da fasfo da lamba da zaman killace na likita da kuɗi masu yawa, talaka kuwa ba kullum yake da su ba. Akwai ƙaramin kwalekwalen masunta wanda Larabawa ke kira huri, shi ba na ƙetare teku da yara ba ne. Sa'an nan akwai matsakaici, sambuk, na katako, mai jigo ɗaya ko biyu da filafilai na zane. Shi ne jirgin mai iyali wanda hannunsa bai kai ga babba ba, amma sambuk ma suna suka tara.

Wanda ya san sayen raƙumi ran Alhamis a Maigatari ya san ba a tsayawa ga tsawon wuya. Ana duban tafin ƙafa da haƙori da bayan da zai ɗauki kaya. Haka jirgi. Abu na fari shi ne yawan waɗanda za a zuba a ciki, kuma wannan cuta daɗaɗɗiya ce. Ibnu Jubair mutumin Andalus ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a shekarar 579 ta Hijira, wato 1183, ya ba da labari a littafin tafiyarsa cewa jiragen wurin ba ƙusa a jikinsu ko ɗaya, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakon, filafilansu kuwa saƙar kaba ce, irin ta goribar nan tamu. Ɗinkin bai dame shi kamar kwaɗayin masu jiragen ba, domin sukan cusa alhazai har wani bisa wani, don su fanshe kuɗin jirgi a tafiya guda. Iska ta yi ta juya su, sai da suka yi kamar kwana takwas kafin su ga Jidda.

Ibnu Baɗuɗa kuma, wajen 1330, a Jidda aka kira shi ya shiga jirgin wani sharifi, ya duba ya ga an ɗora raƙuma a ciki, ya ƙi, ya nemi wani. Bai taɓa hawa teku ba kafin ranar, amma ya gane dabba mai firgita da jirgi mai tangaɗi ba su gamuwa. Ina ganin ya yi hankali, ko da yake wanda ya shiga ɗin ma iska ta kore shi zuwa gaɓar Sudan.

Abu na biyu, malamai sun san shi a Muhtasar na Shaihu Halilu, babin hajji. Hukuncin teku kamar na tudu ne, sai fa idan halaka ta rinjaya, ko kuwa jiri da amai za su sa mutum ya tozarta rukunin salla. Mace kuma an karhanta mata hawan teku sai idan an keɓe mata wuri. To, dubi yadda wannan hukunci ya zama ma'aunin jirgi. Ƙarami ba shi da inda za a yi wa mace shamaki ta kwanta ko ta kama ruwa, wanda aka cika maƙil kuma ko wurin sujada babu. Saboda haka mai iyali sai ya shiga da ƙafarsa ya ga rumfar da ke bayan jirgin, ya daidaita da sarkin jirgi a kanta tun kuɗi suna hannunsa. Bayan an ɗaga anga ba sauran ciniki.

Ruwan sha kuwa kada a auna shi da kwanakin da mai jirgi ya faɗa. A wannan yanki iskar arewa ce ta fi yawa, in ta yi daidai tafiyar 'yan kwanaki ce, in ta kwanta ko ta juya sai a ninka. Gaɓa biyun duka cike suke da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, shi ya sa sarkin jirgi na ƙwarai ba ya ratsa su da dare, yakan nemi lungu ya kwana, wannan ma ƙarin kwana ne. Babba ya iya daure ƙishirwa, yaro na goye da uwarsa ba su iyawa.

Mafi tsanani duka shi ne inda za a sauke mutum. Jirgin da ya ɗauki marasa takarda a ɓoye ba ya iya shiga Jidda, sai ya zube su da dare can kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi da zafi. Nan arha take zama tsada, gama mai tsohuwa da ƙananan yara ya biya rabin kuɗi ya sayi tafiyar kwanaki a dajin da bai san rijiyoyinsa ba. Don haka tambayar mutanen zango, 'yan'uwanmu Hausawa mazauna can, ta fi duban katakon amfani. Su suka san sarkin jirgin da ya kai mutane ya komo da saƙonsu.

Jirgin sama ya kashe wannan hanya ga mutanenmu, yau alhajin Gumel sa'o'i kaɗan ke kai shi Jidda. Amma fataken dabbobi su ji wannan. A watan Yuni na 2022 wani jirgi mai inji ya nutse a tashar Sawakin ɗin nan, yana shirin kai tumaki Saudiyya. An ba da labari awonsa tumaki 9,000 ne, aka ɗora masa wajen 15,800. Ma'aikatansa sun tsira, tumakin kuwa kaɗan aka fitar da rai.