Amortisa na baya: abin da mai dakon kaya zai duba

Tsakanin Galmi da Birnin Konni, ba wuya a ga tsohon moto ɗauke da buhunan albasa, bayansa ya durƙusa har taya tana gogar ƙarfe. Masu irin wannan moto, in sun tashi sayen sabon amortisa, yawanci wanda ya fi tsawo suke nema. Kuskure ne: tsawon da ya wuce ƙima yakan canza ɗaurin sarƙa, ya sa moto rawa a kwana.

Resor shi ke ɗaukar nauyi. Man da ke ciki aikinsa hana tsalle. Saboda haka mai dako resor mai ƙarfi yake bukata, amma a kan tsawo na asali. A kwance tsohon, a auna shi da milimita daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. In an ɗora kaya, kada baya ya sauka fiye da kashi 1 cikin 3 na tafiyar amortisa. Matakan nan da ake murɗawa a gindinsa suna ɗaga moto, ba su ƙara wa resor ƙarfi.

A canza biyun tare, ko da ɗaya ne ke yoyon mai.