Kafin furojet ya zo wuya: wace kwamfuta ɗalibin jami'a yake buƙata, kuma yaushe?

Duk wanda ya taɓa bi ta layin shagunan buga takardu na jami'a a makonnin ƙarshe na zango na biyu ya san yadda wurin yake. Shago ya cika maƙil, janareta na ta ƙugi a baya, mai buga rubutu ya duƙufa a kan kibod, a kansa kuma 'yan ajin ƙarshe ne a tsaitsaye, kowa da filas a hannu da damin takardun da malami ya zazzane da jan biro. Wannan yana so a gyara masa babi na uku, waccan tana neman a sake jera mata lambobin shafi, wancan kuma filas ɗinsa ya ƙi buɗewa, gumi sai karyo masa yake. Kowane gyara da kuɗinsa. Gobe malami ya sake zanewa, a sake dawowa layi.

Abin lura shi ne, kusan dukkansu akwai babbar waya a aljihunsu, wata ma ta fi kwamfutar shagon tsada. Ba rashin kuɗi kaɗai ne ya kawo su layin nan ba. Da yawa lissafin na'ura ne ya kuɓuce musu tun suna aji biyu: kuɗin da ya samu ya tafi wajen sauya waya, kwamfuta kuma aka ce sai lokacin furojet. Da lokacin ya zo, ga kuɗin bugawa, ga na ɗinkin kundi, ga na zirga-zirgar tattara bayanai, babu sauran abin da za a kai kasuwa.

Inda waya take isa, da inda take tsayawa

A yi wa waya adalci, ita ce take riƙe da karatun ɗalibin yau. A dandalin WhatsApp na aji ake sanar da an ɗage lakca ko an sauya ɗaki, a nan ake tura takardun darasi, da ita ake rajistar kwasa-kwasai, a ciro lambar biyan kuɗin makaranta, a duba sakamako. Da manhajar WPS Office ko Google Docs ɗalibi zai rubuta jinga mai shafi biyar ba tare da ya nemi kowa ba. Idan ya haɗa ta da ƙaramin kibod na Bluetooth, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ajin farko zai wuce lafiya lau a yawancin sassa.

Matsalar tana fara leƙowa ne idan aiki ya yi tsawo ko ya buƙaci manhaja ta musamman. Kundi mai shafi saba'in, da jadawalin abubuwan da ke ciki, da lambobin shafi iri biyu, da jerin manazarta, azaba ne a kan fuskar waya. SPSS da ɗaliban kimiyyar zamantakewa da na ilimi suke nazarin alƙaluma da ita ba ta hawa waya. Revit ta masu zanen gine-gine sai Windows. AutoCAD tana da ta waya, amma ta duba zane ce da ƙananan gyare-gyare, ba a zana cikakken gini da ita. Mai koyon rubuta manhaja zai iya farawa a waya, kuma akwai waɗanda suka fara a haka, sai dai ba a nisa.

Kwas ɗinka ne zai faɗa maka abin da za ka saya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya tambayi abokinsa "wace ce mai kyau?" ba tare da ya faɗi abin da zai yi da ita ba. Ɗalibin shari'a, ko tarihi, ko Hausa, ko nazarin addinin Musulunci, aikinsa rubutu ne da karatu. Abin da yake nema shi ne batir mai daɗewa, kibod mai daɗin bugawa, da rashin nauyi, domin a jaka za ta wuni daga wannan aji zuwa wancan. Kuɗin da zai ƙara don samun katin hoto mai ƙarfi asara ce.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, lissafi, tattalin arziki ko akanta yana buƙatar RAM aƙalla 8GB, in da hali 16GB, da ma'ajiya irin ta SSD. Wannan SSD ɗin ita ce ta fi komai sauya gudun tsohuwar kwamfuta. Na'urar da take ɗaukar mintuna kafin ta farka za ta koma farkawa cikin daƙiƙu idan aka cire mata tsohon faifai mai juyawa aka sa mata ita. Idan aiki ya fi ƙarfin na'urar, irin horar da ƙirƙirarriyar basira, akwai Google Colab da ke ba mutum aron kwamfutocin Google ta intanet, ya rubuta Python a can kyauta daidai wani gwargwado.

Masu nauyin kaya su ne ɗaliban zanen gine-gine, injiniya, da 'yan aikin jarida masu tace bidiyo. Su kam ba makawa sai na'ura mai katin hoto na daban da RAM 16GB. Irin waɗannan kwamfutoci suna da nauyi, suna zafi, batirinsu kuma ba ya jimawa, abin da ya kamata mai zaman ɗakin kwanan ɗalibai ya sa a lissafi tun da wuta ba ta da tabbas. Ɗaliban likitanci kuwa, da yawansu sun fi cin moriyar tablet saboda manyan littattafai masu hotuna, har sai sun zo rubuta bincike.

A kasuwa

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin yawancin iyaye. Saboda haka ɗalibi ta hannu yake nema, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja. Babu aibu a cikin hakan. Kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad an ƙera su ne don su jure wahala, kuma kayan gyaransu suna ko'ina.

Tarkon yana wajen sunan furosesa. Mai shago zai ce maka "i7 ce fa", kai kuma ka ji ka yi dace. Tambayar da ta dace ita ce: zubi na nawa? Lambar farko bayan alamar ita ke nunawa. I7-6600U zubi na shida ce, i5-8250U kuma na takwas. Ta farkon ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta, ta biyun huɗu, don haka i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ƙarfi duk da ƙaramin sunanta. Akwai kuma dalili na biyu. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa a yawancin furosesoshin Intel. Ke nan EliteBook 840 G5, Latitude 7490 ko ThinkPad T480 masu furosesa zubi na takwas sun tsallake, amma 840 G3 da ta cika kasuwa ba ta tsallake ba. Masu gyara suna da dabarar ɗora mata Windows 11 ta bayan gida, kuma tana aiki, sai dai ka san abin da ka saya. Mai ƙaramin ƙarfi da ke karanta kimiyyar kwamfuta zai iya sayen tsohuwar ya ɗora mata Linux, ya ma ci riba biyu, don zai buƙaci sanin Linux ko ba jima ko ba daɗe.

Kada ka biya kuɗi sai ka zauna da ita. Buɗe wurin rubuta umarni ka buga powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa yanzu. Danna kowane maɓalli, gwada kowace kafa ta USB, kamara, lasifika da Wi-Fi. Sa fuskar ta zama fara tas, sannan baƙa, ka duba tabo. Ka shiga BIOS ka tabbatar ba a kulle take da kalmar sirrin wani kamfani ba. A karɓi rasit mai lambar na'urar, a kuma yi magana a kan kwanakin gwaji. Ni kaina na taɓa sayen wata a wani shago, tana jone da caja muka gwada ta, komai lafiya. Da na isa ɗaki na cire ta daga wuta, ko minti ashirin ba ta yi ba ta ɗauke. Da na koma, sai mai shagon ya ce ai batir ba ya cikin alkawari. Shekara guda na yi ina farautar soket a ajujuwa kamar mai neman bashi.

Sai maganar adana aiki, wadda ba ta cin ko sisi amma ita ta fi sa ɗalibai kuka. Filas ɗin da yake yawo daga shago zuwa shago ba ya rabuwa da bairos, musamman mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi marasa amfani. Duk mai adireshin Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive. Ka ajiye kowane babi a can a ranar da ka rubuta shi, ka sa masa kwanan wata, ka kuma kai wa mai bugawa PDF don kada tsarin shafukan ya wargaje. Manazarta kuma a bar wa Zotero, kyauta ce, ita za ta jera su a salon da sashenku ya zaɓa.

Shekaru biyun da ake asara

A ganina babbar hasarar mai jiran ajin ƙarshe ba wahalar layin shago ba ce. Shekarun aji biyu da aji uku ne suke wucewa hannu bai saba da na'ura ba, alhali a nan ne ake fara gane inda aka dosa. Shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973, yana tura ɗaliban kimiyya, injiniya da fasaha wuraren aiki, a jami'o'i da yawa na tsawon wata shida. Ɗalibai biyu za su je ma'aikata ɗaya. Wanda ya iya Excel ko ya iya zane a AutoCAD za a ba shi kujera da aiki na gaske. Ɗayan zai ƙare a aike da ɗaukar hoton takardu, ya dawo da littafin rahoto cike da abin da bai yi ba. Haka abin yake maimaituwa a bautar ƙasa.

Yajin aikin malaman jami'o'i ma ya nuna hakan. Na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 wata takwas. A cikin waɗanda suka zauna a gida, masu kwamfuta sun samu damar bin darussa irin su CS50 na Jami'ar Harvard ko freeCodeCamp, duka kyauta. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha shi ma zai fi amfanar wanda ke da abin gwada darasi a kai. Katin shaidar ɗalibi kansa yana da daraja a intanet: Autodesk tana ba ɗalibai lasisin manhajojinta na shekara guda da ake sabuntawa, GitHub kuma tana da kunshin kayan aiki na ɗalibai. Ranar da ka kammala, ƙofar ta rufe.

Amma a nan akwai wani rami da ya kamata a faɗa. Wasu da sun fara samun 'yan kuɗi daga zanen talla ko gina shafin intanet sai su raina aji. A tsarin maki biyar, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa, da masu ba da tallafin karatu a waje, a kan darajar digiri suke fara tace masu nema kafin su kalli abin da mutum ya iya. Makin da ya zube a aji biyu kuwa da ƙyar yake tashi, domin kowane zango yana jan na bayansa. Wanda ya tabbata sana'ar kansa zai yi yana iya cewa bai damu ba, sai dai kaɗan ne suke da wannan tabbacin suna da shekara ashirin.

Haka ma ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ta zama abokiyar karatun ɗalibai, kuma tana da amfani wajen fayyace darasin da ya shige duhu ko gano kuskure a manhajar da ka rubuta. Tana kuma ƙirƙiro sunayen littattafai da marubutan da babu su a duniya, da cikakken ƙarfin hali. Malamin da ya nemi ɗaya daga cikinsu ya rasa, ya gama da kundin. Ranar kare furojet kuma kai kaɗai za ka tsaya gaban malamai, su tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓi wannan hanyar nazari ba waccan ba.

Wanda babu hali fa? Jami'o'i da yawa suna da ɗakin karatu na intanet da cibiyar kwamfuta da ba sa cika sai lokacin jarrabawa. Awa biyu sau uku a mako a can sun isa mutum ya koyi bugun rubutu da Excel. 'Yan ɗaki ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi guda, kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, a raba lokaci. Wasu adashe suke shiga tun ajin farko. Wanda kuma ke shirin sauya waya a bana, alhali ta hannunsa tana kira tana buɗe PDF, ya fara zuwa kasuwa ya tambayi kuɗin i5 zubi na takwas mai RAM 8GB da SSD 256GB, ya kwatanta da kuɗin wayar kafin ya yanke shawara.