Fadar Da Ba Ta Taɓa Ganin Yaƙi Ba

Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na tarar da wata tsohuwar kalanda a bangon aji biyar, da hoton wani farin gida mai hasumiyoyi bisa kan dutse. Yara suka tambaye ni ko mene ne. Don kada in ji kunya, sai na ce musu kagara ce ta Turawan dā, an gina ta shekara dubu da suka wuce domin tsare gari daga mahara. Suka rubuta a littattafansu, ni kuma na bi na sa musu jan maki. Ashe ƙarya na koya musu, ban kuwa sani ba sai da dogon hutu ya zo, wan matata da ke aiki a birnin Munik na ƙasar Jamus ya aiko mana da kuɗin jirgi. Ina so in ba 'yan'uwana labarin yini guda daga cikin kwanakin da muka yi can, gama ina tsammani zai amfani masu koyar da labarin ƙasa da tarihi.

Da sassafe ni da matata muka shiga jirgin ƙasa, muka yi kamar awa biyu muna nufar kudu, har muka sauka a Füssen, wani ɗan gari a gindin duwatsun Alps, kusa da iyakar Ostiriya. Da fitowarmu sai sanyi ya tarye mu, alhali kuwa farkon Satumba ne, rana tana haske. Dalilin nan ne muke karantawa a aji: iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda mutum ya ƙara hawa. Dutsen da ya fi tsawo a Jamus, watau Zugspitze, ƙafa 9,718 ne, namu kuwa na Nijeriya, Chappal Waddi, ƙafa 7,936. Tafkunan da ke wurin, kogunan ƙanƙara ne suka ƙwaƙule ƙasa a zamanin dā, da suka narke sai ruwa ya cika ramukan.

Daga nan bas ya kai mu ƙauyen Hohenschwangau, inda fadoji biyu ke duban juna. Ta ƙasa rawaya ce. A wurin ne ainihin kagara ta taɓa tsayawa a zamanin dā, ta rushe, kāna Maximilian na Biyu, wanda daga baya ya zama sarkin Bafariya, ya sāke gina ta tsakanin 1833 da 1837 domin shan iska. A nan ɗansa Ludwig ya yi ƙuruciya, yana duban zanen jarumawan tatsuniya a bangon ɗakuna. Ta bisa kuwa, fara fat, ita ce ta kalandar nan tawa, sunanta Neuschwanstein.

Akwai keken doki mai kai mutane bisa, amma muka ga kuɗin ya fi kyau a aljihu, muka hau da ƙafa fiye da rabin awa. Matata ta tsaya tana haki, ta ce, "Malam, duk wanda ya zo yaƙi nan, ai gajiya za ta kashe shi kafin kibiya." Na yi dariya, na ce ai shi ya sa aka gina ta bisa dutse. Ba a jima ba mai yi mana bayani ya kwance mini zane a kasuwa.

Ludwig na Biyu ne ya aza harsashinta cikin shekara ta 1869, watau zamanin da igwa ta riga ta kashe amfanin kagara, jirgin ƙasa kuma yana ta gudu a Turai. Ya hau sarauta a 1864 yana da shekara 18. Bayan shekara biyu Bafariya ta goyi bayan Ostiriya a yaƙi da Furushiya, aka ci su, a 1871 kuma ƙasarsa ta shiga ƙarƙashin daular Jamus. Sarauta ta zama ta suna. To, sai ya juya wa duniya baya, ya shiga gina wa kansa irin mulkin da ya gani a bango yana yaro. Wanda ya fara zana siffar gidan ma ba magini ba ne, mai zanen dandalin wasan kwaikwayo ne, sunansa Christian Jank. Bangon da na ce wa yara dutse ne zalla, ƙonannen tubali ne aka lulluɓe da farin dutse. A ciki akwai famfo, da bayan gida mai ruwa, da bututun ɗuma ɗakuna, har da tarho! An shirya ɗakuna wajen 200, amma waɗanda aka gama ba su kai 20 ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zauren sarauta: ga zinariya, ga matakala ta farin dutse, amma inda za a ajiye gadon sarautar babu kome, gama ba a taɓa yin sa ba.

Bashi ya yi masa katutu, har ministocinsa suka sa likitoci suka ce ba shi da hankali, aka tuɓe shi cikin Yuni 1886. Ran 13 ga watan aka tsinci gawarsa da ta likitansa a tafkin Starnberg. Kwanansa a gidan duka bai kai wata shida ba. Bayan mako bakwai aka buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗi su yi kallo, gidan da mai shi ya gina don kada kowa ya gan shi. A 2025 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Muka tsaya bisa wata siririyar gada da ke kan kwazazzabo mai zurfin ƙafa wajen 300, inda ake ɗaukar irin hoton kalandar. Matata ta riƙe hannuna gam, ta ƙi duban ƙasa.

Da rana muka sāke shiga bas zuwa Oberammergau. Ni dai a ganina a hanyar nan ne darasi ya fi yawa. Rufin gidaje yana da faɗi ƙwarai, ya zarce bango, domin ya kāre shi daga ruwa da ƙanƙara, an kuma jera itacen wuta a ƙarƙashinsa tun kafin sanyi. Manoma suna ta yankan ciyawa suna shanyawa, kamar yadda muke tara harawa. Da yawa daga cikin shanunsu suna can bisa duwatsu tun farkon lokacin zafi, da ƙararrawa a wuya don a ji inda suke in hazo ya rufe. Cikin Satumba ake sauko da su da biki. Duk wanda ya san tashin Fulani ya san wannan dabara, sai dai su sanyi ke kora su, namu kuwa fari.

Mutanen Oberammergau masassaƙa ne, bangon gidajensu kuma duk zane. Annoba ta shiga ƙauyen, a 1633 suka yi wa'adi in ta ɗauke za su riƙa nuna wasan shan wahalar Almasihu kowace shekara goma. Suka fara a 1634, zuriyarsu kuma ba ta yar da wa'adin ba. Na 2020 wata annobar ce ta ɗaga shi zuwa 2022. Mutum wajen 2,000 ke shiga, kuma sai haifaffen ƙauyen ko wanda ya shekara 20 a cikinsa.

Da kuɗin da muka hana mai keken doki matata ta sayi 'yar ƙararrawar saniya, muka kama jirgin yamma. Da aka koma makaranta na roƙi hedimasta ya ba ni minti goma da yaran nan, waɗanda yanzu suke aji shida. Na sa suka fito da tsofaffin littattafansu, suka soke "shekara dubu", suka rubuta 1869. Wani yaro a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to makin da ka ba mu fa?"