Kafin Damina Ta Kankama: Abin da Keken Ɗan Makaranta Yake Bukata



Da yawa daga cikinmu da keke muke zuwa makaranta, wasu daga cikin garin Sanyinna, wasu daga ƙauyukan da ke kewaye. Yawancin kekunan nan gadonsu muka yi daga baba ko yaya. Akwai Phoenix na ƙasar Sin, akwai Hero da Avon na Indiya, akwai ma tsofaffin Raleigh, waɗanda asalinsu daga birnin Nottingham na Ingila ne. Ƙarfensu yana da kyau, amma kafin su iso hannunmu abubuwa da yawa sun ɓace a jikinsu. Idan muka samu ɗan kuɗi kuma, sai mu fara da ado, kamar sitika da roba mai launi. Muna ganin hanyar da muke bi kullum ita ya kamata ta gaya mana abin da za mu fara saya. Hanyarmu kuwa laka ce da damina, ƙura da hunturu, ƙaya kuma ba ta da lokaci.

Birki tukuna

Kafin a ƙara wa keke komai, a duba birkinsa na gaba da na baya. Robar birki tana cinyewa, kuma idan ƙarfen taya ya jiƙe da ruwa, birki ba ya kamawa nan take. Wanda yake tsayar da keke da silifa yana wasa da ƙafarsa ne. Kuɗin farko na robar birki ne.

Me ya sa laka take hawa bayanmu?

Duk mun taɓa ganin ɗalibi ya shigo aji da dogon layin laka tun daga wandonsa har wuyan rigarsa. Ga yadda abin yake faruwa. Taya tana ɗaukar ruwa da laka daga ƙasa, tana juyawa da su, sannan ta watsar da su kamar yadda dutse yake fita daga majajjawa. Tayar baya tana watsa wa bayan mai keke. Tayar gaba tana watsa wa ƙafafunsa da sarƙa, wani lokaci har fuska.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tayar babban keke mai inci 28 tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya. Ke nan a kilomita 1 tana juyawa kusan sau 450. Wanda gidansu yake da nisan kilomita 4 tayarsa za ta juya kusan sau 1,800 kafin ya iso ƙofar makaranta. Idan an yi ruwa da asuba, kowane juyi da ɗan abin da yake jefo masa. Ga shi da yawanmu yunifom ɗaya gare mu, kuma a watan Agusta wanki ba ya bushewa da wuri. Wani saboda kunya sai ya koma gida, ya rasa darasin ranar.

Maganin wannan shi ne marufin taya, wanda masu gyaran keke suke kira madigadi. Ƙarfe ne ko roba mai lanƙwasa da yake rufe saman taya, ya tare lakar, ya mayar da ita ƙasa. Wasu samari suna cire shi don gayu, suna cewa yana ƙara nauyi. Nauyinsa bai kai na jakar littattafanmu ba.

Yadda ake ɗaura shi

Na farko, a sayi wanda ya dace da girman tayar, kuma faɗinsa ya ɗan fi na tayar. Girman yana rubuce a gefen taya, a karanta kafin a tafi kasuwa. Na gaba ana ɗaure shi da noti a saman ƙarfe mai reshe biyu da ya riƙe tayar gaba. Na baya ana ɗaure shi a ƙarƙashin sirdi da kuma kusa da wurin feda. Kowannensu yana da siraran ƙarafa da suke saukowa zuwa tsakiyar taya don su riƙe shi daidai.

Kada a matse noti ko ɗaya sai an saka duka. Sannan a ɗaga keken, a juya tayar, a saurara. Idan ana jin gogawa, a gyara. A bar tazarar da ɗan yatsa zai shiga tsakanin taya da marufin, daga farko har ƙarshe. Wannan tazara tana da muhimmanci a wurinmu, domin lakar fadama tana da danƙo. Idan wurin ya matse, sai ta cushe, tayar ta ƙi juyawa. Bayan an daidaita, sai a matse da sufana.

Mu kula sosai da na gaba. Idan ya yi sako-sako, ko kara ya shige tsakaninsa da taya, tayar gaba tana iya tsayawa cak, mai keke ya wuce ta saman kai. Saboda haka ba a ɗaure shi da igiya ko tsumma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ba shi da kayan aiki ya kai wa mai gyara, ya tsaya yana kallo don ya koya.

Akwai ƙarin dabara da ba ta cin kuɗi. A yanko ɗan faifai daga tsohuwar jarka ko tsohuwar taya, a huda, a maƙala shi a ƙasan marufin gaba. Zai kare takalmi da safa.

Marufin sarƙa

Sarƙar da ba ta da marufi tana ɓata ƙafar wando da baƙin mai, tana kuma iya cafke shi. 'Yan uwanmu mata da suke hawa keke sun fi bukatar wannan marufi, saboda dogon siket da hijabi. Su kuma tattara hijabin kada ya sauka kusa da tayar baya. Da hunturu ƙura takan haɗu da mai ta zama kamar yashi, ta riƙa cin sarƙa. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Mai da yawa ƙura yake kira.

Kariya da littattafai

Rataye jaka a kan keke yana sa kan ya riƙa karkata, kuma igiyar jakar tana iya shiga taya. Wurin kaya shi ne kariya. A sa littattafai cikin leda, a sa ledar cikin jaka, a ɗaure da robar tsohon tif, a cusa bakin robar kada ya yi lilo. Littafin rubutu da ruwa ya jiƙa, aikin zango guda ne ya tafi. Wanda yake goyon ƙanensa ya tabbata ƙafafun yaron ba su kusa da wayoyin taya.

Ƙararrawa da fitila

Keke ba shi da ƙara, shi ya sa mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwansa. Ƙararrawa ta fi ihu ladabi, musamman idan dattijo ne a gaba. Fitila kuwa aikinta biyu: mu ga hanya, a kuma gan mu. Farar fitila a gaba, ja a baya. Waɗanda suke dawowa daga Islamiyya bayan magariba su ne suka fi bukata, haka ma idan hazo ya sauka a watan Disamba da Janairu. Ko ƙaramar tocila aka ɗaure da kyau ta fi babu. Ɗan jan gilashin nan mai ƙyalli idan hasken mota ya taɓa shi, a bar shi a bayan marufin taya, a riƙa goge shi.

Tun 2 ga Afrilu, 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Najeriya, kuma dokar ta shafi mai keke. Wanda duk zai hau babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal zuwa Jega ya san manyan motoci ne a kansa. Ya tsaya a gefen dama, ban da tsere, ban da kama bayan mota.

Ƙaya da faci

Tayar keke da ake hura wa iska, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ne ya fito da ita a 1888, don keken ɗansa ya daina jijjiga. Ta kawo daɗin hawa, amma ba ta shiri da tsidau da ƙayar aduwa. Tayar da ba ta sha iska sosai ba ta fi saurin faci, ta fi kuma wuyar tuƙi. A matsa ta da babban yatsa kowace safiya. Idan an yi faci, a shafa cikin tayar a hankali a ciro ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda tif ɗin. Ɗalibai uku ko huɗu da suke bin hanya ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi famfo ɗaya.

Daga ina za a fara?

Ba wanda zai iya sayen komai a rana ɗaya. Ga jerin da muke ba da shawara: birki, marufin taya, fitila da ƙararrawa, kariya, marufin sarƙa, sai kwaɗon kullewa. Ado ya zo a ƙarshe idan canji ya rage. Masu gyara sukan ajiye kayan tsofaffin kekuna, kuma sun fi sababbi araha.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma ranar tana zuwa daidai farkon daminarmu. Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ba mu awa ɗaya a wannan mako, a gayyato mai gyara, a duba kekunanmu ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma kowa ya zo da tsumma da sufanar gidansu.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare, aji 2