Ko Kun Sani? Gara Ma Noma Take Yi

Naman kaza ba shi da baki, ba shi da tumbi, amma yana cin itace. Dabararsa ita ce narkar da abinci tun yana waje. Siraran zarurrukansa suna ratsa mataccen icce ko kara, suna tsiyayo sinadaran narkarwa da ake kira enzayim, waɗanda ke farfasa jikin itacen ya koma sukari, sannan ya tsotse. Har lignin, sinadarin da ke ba icce tauri, wanda ya fi ƙarfin tumbin saniya, wasu jinsunansa suna karya shi.

Wani zai ce ai gara tana cinye azara ba da taimakon kowa ba. Gaskiya akwai garar da ƙananan halittun hanjinta ke yi wa wannan aiki. Amma mai gina dogon suri a dazukan Afirka manomiya ce. Tana tara taunanniyar ciyawa da itace a ɗakunan surin, ta shuka naman kazan da masana ke kira Termitomyces, shi ya narkar, ita ta ci. In gonar ta mutu, yunwa ke kashe gidan. A Zambiya akwai irin wannan naman kaza da faɗin hularsa ke kusan kai mita 1.