Klara: Na'urar da Ta Sa Mai Karatu Tausayi

Kazuo Ishiguro, marubucin da aka haifa a Nagasaki a 1954 ya kuma girma a Ingila, ya fitar da littafin Klara and the Sun a 2021, shekara huɗu bayan ya karɓi kyautar Nobel ta adabi. Mai ba da labarin mutum-mutumi ce mai suna Klara, wadda ke aiki da hasken rana. Daga kanti aka sayo ta don ta ɗebe wa Josie kewa, yarinya 'yar shekara 14 da ciwo ya ƙi saki.

Imanin Klara ne ya fi tsaya mini a rai. Tunda rana ce abincinta, sai ta ɗauka rana na ji kuma tana warkarwa, har ta je tana roƙonta lafiyar Josie, ta kuma sadaukar da wani ruwa da ke cikin kanta don lalata injin da ke turnuƙe gari da hayaƙi. Mai karatu ya san ɓata ta yi, amma tausayinta ba ya barinsa.

Ashe uwar Josie, wadda ta riga ta binne 'yarta Sal, da wata manufa ta sayi Klara. Wani mutum, Capaldi, yana ƙera jiki mai kama da Josie, don in ta rasu Klara ta shiga ciki ta ci gaba da zama ita. A ganinsa babu komai a cikin ɗan Adam da ba a iya kwafa. Nan na rabu da shi. Tun 1980 masanin falsafa John Searle ya kafa hujja cewa na'ura na iya ba da amsa daidai ba tare da ta fahimci komai ba, ga kuma Suratul Isra'i da ta sanar da mu cewa al'amarin ruhi na Ubangiji ne. Kwaikwayon tafiyar yarinya da muryarta ba zai mayar wa uwa 'yarta ba.

Duk da haka littafin bai bar ni na huta ba. Josie ta warke, ta tafi jami'a, Klara kuwa ta ƙare a filin da ake jibge tarkace, tana tuna hidimarta ba tare da ƙorafi ba. Ko tana ji ko ba ta ji, halin waɗanda suka more ta sannan suka yar da ita Ishiguro ya tona. Wanda ke da 'yar aiki a gidansa, ya nemi littafin nan ya karanta a natse.