Me ya sa finafinan ban tsoro da aka ciro daga wasannin bidiyo ke tara kuɗi amma ba sa samun yabo?

A shekarar 2002 aka saki fim ɗin Resident Evil na farko, wanda Paul W.S. Anderson ya ba da umarni, Milla Jovovich kuma ta fito a matsayin Alice. Zuwa 2016 an yi kashi shida, waɗanda suka tara sama da dala biliyan ɗaya a gidajen sinima na duniya. Duk da haka, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gamsar da akasarin masu sharhin finafinai.

Tushen matsalar yana cikin yadda wasan ke haifar da tsoro. Wasan farko, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1996 ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, yana jefa mai wasa cikin wani tsohon gida da ke cike da gawarwaki masu tafiya. Harsasai ƙalilan ne, kayan da zai iya ɗauka ƙayyadaddu ne, kuma shi ne zai yanke shawarar buɗe ƙofa ko ja da baya. Gabansa na faɗuwa ne saboda kuskuren nasa ne. Mai kallon fim kuwa yana zaune ne kawai, ba shi da ta cewa.

Don cike wannan giɓi, masu shirya finafinan sukan koma ga faɗa da harbe-harbe. Alice, wadda babu ita a wasannin, ta zama mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Da zarar mai kallo ya tabbata ba abin da zai samu jaruma, tsoro ya kau. Fim ɗin Doom na 2005 ya gwada kwaikwayon wasan kai tsaye, inda na 'yan mintuna kyamara ta zama idon jarumi, amma hakan bai hana shi faɗuwa a kasuwa ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Sunan wasan da ya shahara talla ce da aka riga aka yi. Daraktan Jamus Uwe Boll ya shirya House of the Dead a 2003 da Alone in the Dark a 2005, waɗanda ake lissafawa cikin mafiya muni a wannan fanni. Ya ci gaba da samun masu zuba jari ne saboda dokar harajin Jamus ta lokacin tana rage wa masu saka kuɗi a fim haraji, har aka gyara ta a 2005. Haka kuma faɗa ba ya buƙatar fassara: kusan rabin kuɗin da kashi na shida na Resident Evil ya samu daga China ya fito.

Wasu sun yi ƙoƙarin kauce wa wannan hanya. Silent Hill na 2006, wanda Bafaranshe Christophe Gans ya ba da umarni, ya samu yabo kan yadda ya kawo hazo da duhun garin da ke wasan, sai dai an soki labarinsa. A 2023 tashar HBO ta fitar da The Last of Us mai dogon zango, wanda Neil Druckmann, marubucin wasan, ya rubuta tare da Craig Mazin. Sun rage faɗa, suka ba dangantakar Joel da Ellie lokaci, kuma masu sharhi suka yaba.

Amma a shekarar ce Five Nights at Freddy's, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 20, ya tara kusan miliyan 300 duk da sukar da ya sha. Muddin masoya wasa za su cika sinima saboda suna kaɗai, kamfanonin fim ba su da abin da zai tilasta masu gyara labari.